Maki 8, maki 17, maki 6: rajistar wata mai ƙosai a Damagaram

Asibitin yana gefen garin Damagaram, irin wanda a takardun gwamnati ake kira CSI, mutanen unguwa kuma su ce likita kawai. Ɗaki ɗaya na duba marasa lafiya, ɗakin haihuwa, ɗan ɗakin magani, sai rumfar da mata ke jira da yara ranar awo. Majo, wato babban malamin asibitin, shi ke riƙe da wurin, mutum mai shekara talatin da ƴan kai, wanda ya samu horo a kan mhGAP, jagoran da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2010 domin malamin asibitin da ba ƙwararre ba ne a ciwon ƙwaƙwalwa ya iya gane ciwon damuwa, taɓin hankali, farfaɗiya da shaye-shaye, ya kuma fara magani. Ni kuwa aikina a lokacin shi ne in zo ƙarshen wata in buɗe rajista, in ƙirga, in sa hannu. Da sa hannuna ake sakin kuɗin ƙwazo. Sunan asibitin, da na ƙungiyar da ke biyan kuɗin, da na matar da zan ba da labarinta, duk na bar su a cikina.

Yadda aka tsara biyan

Ma'aikatan lafiya na Nijar sun saba da yin aiki su jira kuɗi. Bisa tsarin Bamako na 1987 ake tafiya a kan maras lafiya ya biya, asibiti ya sake sayen magani da kuɗin. A 2006 aka yafe kuɗin yara ƴan ƙasa da shekara biyar, a kan asibiti ya yi aikin ya aika takarda gwamnati ta mayar masa, kuma duk wanda ya riƙe ɗakin magani a shekarun nan ya san watannin da takardun ke yi kafin a ji ɗuriyarsu. Daga baya aka soma jin FBR, wato biyan kuɗi gwargwadon sakamako, tsarin da Ruwanda ta soma bazawa a faɗin ƙasarta a 2006. Amma sakamakon da FBR ke biya, in ka duba, ƙirga ne: mata nawa suka haihu a asibiti, yara nawa aka yi wa rigakafi. Haihuwa dai ba ta ɓuya, ga jariri nan kowa na gani.

Ƙungiyar da ta zo mana ta so ta wuce nan. Ta ce ba za ta biya yawan zuwa kawai ba, warkewa za ta biya. Tunanin yana da tushe. Michael Porter na jami'ar Harvard ya daɗe yana cewa darajar aikin lafiya ita ce lafiyar da maras lafiya ya samu idan aka auna ta da kuɗin da aka kashe, ba yawan allura ko yawan layi ba. Kuma na yarda da shi, don na ga mai ciwon damuwa da ya yi shekara yana zarya ana ba shi maganin zazzaɓi da na ƙarin jini, kowane zuwa ana ƙirga shi a matsayin aiki.

Ma'aunin da aka zaɓa shi ne PHQ-9, tambayoyi tara da masu bincike na Amurka suka tabbatar da ingancinsu a 2001. Ana tambayar mutum abin da ya ji cikin mako biyu da suka wuce: rashin sha'awar komai, baƙin ciki da yanke ƙauna, barci, gajiya, cin abinci, ganin kai bai da amfani, tattara hankali, sanyin jiki ko rashin natsuwa, sai ta tara, tunanin gara mutuwa. Kowace tambaya daga 0 zuwa 3, jimla ba ta wuce 27. Daga 10 zuwa sama ana ɗaukar ciwon ya kai a kula da shi sosai. Dokar ƙungiyar ita ce: wanda ya shigo da maki 10 ko fiye a ranar farko, makinsa ya ragu da rabi cikin wata shida, shi ne ya samu sauƙi, kuma kuɗinsa ya ninka na rubuta sabon zuwa sau da yawa.

Matar

Ta zo ne cikin bazara, lokacin da zafin Damagaram ke hana kowa barci. Shekarunta sun kai arba'in. Mijinta ya tafi ci-rani Libiya, aka aiko da labarin rasuwarsa fiye da shekara kafin nan, ta yi takaba ta fita, ba ta ga gawa ba, ba ta ga kabari ba. Ƙosai take soyawa a bakin hanya da safe, da shi take ciyar da yara biyar. Wata uku ke nan ba ta ɗora kasko ba. Ƙanwarta ce ta kawo ta, kuma abin da suka zo da shi ciwon kai ne da faɗuwar gaba da mutuwar jiki. An yi rubutu, an yi ruƙiyya, wasu a gida sun ce sammu ne.

Majo ya gwada ta, ba zazzaɓi, hawan jini babu. Ya ɗauko takardar tambayoyin, wadda da Faransanci take, yana karantawa yana mayarwa da Hausa da bakinsa. Ƙofa a buɗe saboda zafi, ƙanwar na tsaye a kanta, mata na leƙe daga rumfa.

“Inna, kwanakin nan kina jin baƙin ciki, ko kin fid da rai da komai?”

“Alhamdulillahi, Majo. Wanda ya yi imani ba ya fid da rai.”

Ya rubuta 0. Barci da gajiya ta amsa su da gaske, don waɗannan ba abin kunya ba ne. Da ya zo tambaya ta bakwai, wadda ke misali da karanta jarida ko kallon talabijin, ta ce ita ba ta yin ko ɗaya. Tambaya ta tara bai ƙarasa ta ba ƙanwar ta ce a'uzubillahi. Jimla ta tashi 8. A dokar ƙungiya, wannan mata ba ta ma kai a sa ta cikin waɗanda ake jiran warkewarsu ba.

Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya a ƙasar Hausa ya san abin da ya faru a ɗakin nan. Ka tarar da mutum ko juyawa ba ya iya yi, ka ce ya jiki, ya ce da sauƙi. Ba ƙarya yake yi ba. Ladabi ne da tawakkali, kuma an koya mana tun muna yara cewa ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Macen da ta girme ka, a gaban ƙanwarta, ranar da ta fara ganinka, ba za ta ce maka tana ganin ta gaza wa ƴaƴanta ba.

Majo bai yarda da 8 ɗin ba, ya ce fuskarta ta fi takardar magana. Ya ce ta dawo bayan mako biyu da yamma, lokacin da rumfa ta watse. Ta dawo. Ya sa ungozoma ta zauna tare da su, ƙanwar ta jira a waje. Zuwa na uku ne, wata ɗaya cif bayan na farko, ya sake tambayoyin, amma da kalmomin da ya ji daga bakinta. Maimakon jarida ya tambaye ta ko tana ɓata lissafin raka'a a salla, ta ce kusan kullum, har canjin dala biyar sai ya rikice mata. Maimakon baƙin ciki ya ce tunani yana yi mata yawa? Nan ta fashe da kuka. Ta ce da dare takan roƙi Allah Ya ɗauki ranta ta huta, sai ta tuna yaran ta yi istigfari. Jimla ta tashi 17.

Daga ranar aka fara magani na gaske. Amitriptyline ce kawai ƙwayar ciwon damuwa da ke ɗakin magani, ya fara mata da miligiram 25 da dare, yana ƙarawa sannu a hankali. Da yake ƙwayar tana da haɗari in aka sha da yawa lokaci ɗaya, ga kuma abin da ta faɗa, na mako ɗaya kawai yake bayarwa, a hannun ƙanwar, bayan matar ta yarda a gaya mata. Ya yi musu bayani cewa sai an yi makonni kafin a ga amfaninta, kada bushewar baki da jin barci su sa a daina. Bai hana ta rubutu ba. Suka yi yarjejeniya ta riƙa fita ƙofar gida da hantsi, ta koma zuwa suna da biki, daga baya ta gwada soya rabin tiya.

Ranar da na buɗe rajista

A shafinta na ga 8, na ga 17. A idon takarda, mace ta shigo da ɗan ciwo, wata ɗaya a hannun asibiti ya ninka. Majo ya zauna kusa da ni ya ce, “Malam, tsakaninka da Allah, wanne ne gaskiya, 8 ko 17?” Na ce 17. Ya ce to a mai da shi makin farko. Na ce doka ta ce ranar farko, kuma ba ni da ikon taɓa ta. Bai ƙara magana ba. Na sa hannu a kan abin da na san ba haka yake ba, kuma har yau abin yana damuna, don a ranar na koya wa mutumin kirki cewa haƙurin da ya yi wata guda yana jan bakin maras lafiya asara ne a wurinmu.

Bayan wata biyu na ga abin da na shuka. Sababbin zuwa kusan duk makinsu na farko ya haura 15. Ban ce ƙirƙira aka yi ba. Amma tsakanin “wasu kwanaki” da “fiye da rabin kwanaki” maki ɗaya ne, tambayoyi tara ne, mai fassarawa shi ne mai rubutawa, shi ne kuma mai jiran kuɗin. Hannu yana karkata ba tare da mai shi ya yi niyya ba. A Ingila, inda shirin maganin damuwa ta hanyar zantawa da aka fara a 2008 ke auna PHQ-9 a kowane zama, yana kuma neman rabin waɗanda aka yi wa magani su warke, maras lafiya ne ke cika takardar da kansa. A nan yawancin matan da ke zuwa ba su yi lakwal ba, don haka ma'aunin yana hannun ma'aikacin da ake auna ƙwazonsa.

Wani abin ya fi wannan tsorata ni. A rajistar kowa da kowa na ga wani saurayi da aka kawo daga ƙauye da mari a ƙafa, ya daɗe yana shan tramol, yana jin muryoyi. Majo ya duba shi, ya ba shi haloperidol, maganin taɓin hankali, ya sa an kwance marin. Amma bai sa shi a rajistar shirin ba. Da na tambaya ya ce irin wannan damina na faɗuwa za a mai da shi gona ko ya ɓace, kuma duk wanda ya ɓace ana ƙirga shi cikin waɗanda ba su warke ba, ya ja kason asibiti ƙasa. Tsarin da aka kawo don marasa lafiyar ƙwaƙwalwa ya soma tace su, yana riƙe masu sauƙin sha'ani, yana zubar da waɗanda suka fi kowa buƙata.

Sai kuma batun bin sawu. A FBR al'ada ce a aika wani cikin unguwa ya nemo maras lafiya ya tabbatar da gaske ya zo asibiti. Ga rigakafi wannan ba komai ba ne. Amma wani yaro da takarda a hannu ya sauka daga kabu-kabu a unguwar matar, yana tambayar masu shago ina gidan wance da ke karɓar maganin ƙwaƙwalwa. Babbar ƴarta tana da manemi a lokacin. Matar ta ɗauke ƙafa mako uku, magani ya yanke. Ungozomar ce ta je gidan da sunan gaisuwa, ba riga ba takarda, ta lallashe ta ta dawo. Wannan tafiyar ba ta da layi a rajistata.

Abin da muka kai gaban ƙungiya

A taron wata uku na tashi da shafin matar, na rufe sunanta. Ban ce a daina awo ba, kuma har yanzu ba na cewa haka. Ba don takardar nan ba, da Majo bai yi tambaya ta tara ba, da kuma ba a san abin da take roƙo da dare ba. Da makinta ya tsaya a 14 bayan mako shida, lambar ce ta sa ya buga waya ga ƙwararren ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa a cikin gari, aka ƙara yawan ƙwayar. Awo yana yi wa magani jagora. Ɓarnar tana farawa ne daga inda aka rataya abincin ma'aikaci a kan lambar da shi kansa yake rubutawa.

Abin da aka gani a wasu wurare ya goyi bayanmu. A jihar Washinton ta Amurka, wani shiri na kula da damuwa a ƙananan asibitocin talakawa ya ɗaura kashi 25 cikin ɗari na kuɗinsa a kan ƙwazo daga 2009. Amma ba makin warkewa aka biya ba. An biya bibiyar maras lafiya a kan lokaci, da kai batun wanda bai samu sauƙi ba gaban likitan ƙwaƙwalwa, da lura da magungunan da yake sha. Lokacin da rabin marasa lafiya ke ɗauka kafin su samu sauƙi ya sauko daga kimanin mako 64 zuwa 25. An biya abin da ke hannun ma'aikaci, sauƙin ya biyo baya. A Ruwanda ma, binciken da aka buga a 2011 ya nuna haihuwa a asibiti ta ƙaru da kashi 23 cikin ɗari, amma cika awon ciki huɗu da kammala rigakafin yara ba su motsa ba, wato abin da ke buƙatar mutum ya yi ta dawowa shi ne kuɗin ƙwazo ya kasa ja. Ciwon ƙwaƙwalwa kuwa gaba ɗayansa dawowa ne. Bankin Duniya, wanda ya zuba kuɗi masu yawa a wannan tsari, ya fitar da rahoto a 2022 da ke cewa a wurare da dama ba wa asibiti kuɗinsa kai tsaye da ƴancin kashewa yana kawo kusan irin amfanin da kuɗin ƙwazo ke kawowa.

Na kuma kawo misalin Zimbabuwe, inda Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zantawa da masu damuwa a kan benci a harabar asibiti. Ma'aunin da suka dogara da shi tambayoyi 14 ne da aka gina daga harshen Shona, daga kalmomin da mutane ke faɗa da kansu, kamar kufungisisa, yawan tunani. Mu ma muna da namu: tunani ya yi yawa, gaba na faɗuwa, jiki ya mutu, zuciya ta ƙuntata, kai ya ɗau zafi. Muddin kowane majo yana fassara takardar Faransanci da bakinsa, 12 ɗin Miriya ba 12 ɗin Magarya ba ne, kuma ba adalci a jera su a biya ɗaya a hana ɗaya.

An yi gardama. Wakilin ƙungiyar ya ce masu ba da kuɗi daga waje warkewa suke so su gani a rahoto, ba yawan waya ba, kuma yana da gaskiyarsa. Abin da aka tsaya a kai shi ne: makin farko ya zama mafi girma cikin watan farko, kaso mafi yawa na kuɗin ya koma kan dawowa cikin mako biyu, da yin awo a kowane zuwa, da canza magani ko neman shawarar ƙwararre in an yi mako takwas ba sauƙi, da kasancewar magani a ɗaki, mai taɓin hankali da mai farfaɗiya a biya riƙe su cikin kulawa, ko da ba maki. Bin sawu ya koma ta waya ko a asibiti, da izinin maras lafiya. An ci gaba da tara makin warkewa ana aikawa, amma an cire shi daga lissafin aljihun kowa. Majo ya ƙara nasa: ranar da aka fara magani a tambayi mutum abu uku da ciwon ya hana shi, a rubuta su da kalmominsa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da irin wannan ma'auni na iya gudanar da rayuwa, WHODAS, mai tambaya 12 a gajeren tsarinsa, amma na Majo ya fi shiga kunnen mai ƙosai. Nata ukun su ne ta ɗora kasko, ta je suna, ta yi salla ba ta ɓata lissafi ba.

Wata na shida

Da kaka ta yi maki 6. Daga 17 ya fi rabi, daga 8 bai kai ba, kuma da yake sabuwar dokar ba ta waiwayi tsofaffin shafuka ba, asibitin bai samu ko dala a kanta ba. Ya kamata in faɗi wani abu a nan: sabon gero ya shigo kasuwar Dole, tiya ta sauko, wake ya yi araha, dare ya fara sanyi. Tambayar barci da ta cin abinci da ta gajiya suna sauka da kansu a irin wannan lokaci, kamar yadda suke hawa a tsakiyar damina in rumbu ya ƙare, ko su rikice cikin azumi. Ba mai iya raba kason ƙwaya da kason Majo da kason gero a cikin maki 11 ɗin da suka ragu. Abin da na gani da idona shi ne kasko a kan wuta da safe, da yara ƴan lakwal sun kewaye ta da kuɗi a hannu.

Jagoran mhGAP ya ce a ci gaba da maganin damuwa wata 9 zuwa 12 bayan alamun sun tafi, in ba haka ba ciwon na iya dawowa. Rajistar shirin kuwa wata shida take rufe shafi. Daga nan matar ta fita daga maganin kyauta, ta koma saye da kuɗin ƙosai, wani watan ɗakin magani babu sai ƙanwar ta shiga gari nema. Majo ya sayi ɗan littafi da kuɗinsa yana rubuta irinta a ciki, ita da saurayin mai tramol, wanda ya dawo sau biyu bayan girbi, mahaifinsa na riƙe da hannunsa, ba mari. Zuwana na ƙarshe na ga littafin a aljihun tebur, an ja layi a ƙarƙashin ranar da za ta dawo, ranar Laraba da yamma bayan rumfa ta watse.